Taron masu binciken hulɗar mutum da kwamfuta na ƙasa: wa ya taɓa zuwa?

Ƙanwar Kowa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina shekara ta biyu a digiri na uku a nan Ingila, fannin hulɗar mutum da kwamfuta, wato HCI. Aikina a kan mata masu ƙananan sana'o'i ne, yadda suke tura kuɗi da lambobin USSD a ƙaramar waya. Abin ya tsaya min a rai tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ranar da na ga mai ƙosan layinmu ta miƙa wa wani yaro wayarta ya danna mata, har lambar sirrin ta faɗa masa. Na yi hira da mata 14 a Kano, na kuma zauna na kalli yadda suke yi.

Burina CHI ne, babban taron fannin na duniya, kamar kowa. Amma malamin da ke duba aikina ya ce bai nuna ba tukuna, in fara kai shi taron HCI na Birtaniya. Gaskiya raina bai so ba, ji na yi kamar an ce in tafi kasuwar ƙauye alhali ga Kantin Kwari. Wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro na ƙasa, a nan ko a wata ƙasar, don Allah ya gaya min abin da ya gani. Ya kai a kashe masa kuɗin rajista da na jirgin ƙasa?

Ɗan Birni:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na je duka biyun, bari in ba ki labari.

CHI na je a Glasgow a 2019, cikin ɗalibai 'yan sa-kai, masu riga iri ɗaya da ke nuna wa mutane ɗaki suna zagayawa da makirufo. Mutum ya haura 3,000, zama fiye da goma na gudana lokaci guda, ki fita daga wannan ɗaki da gudu ki faɗa wancan. Manyan da muke karanta sunansu duk na gan su, amma kowane da cincirindo kewaye da shi. Na dawo aljihuna cike da katunan mutane, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da nake yi.

Na Birtaniya kuwa na je a York a 2023. Kasuwar ƙauyen nan taki tsohuwa ce fa, tun 1985 take ci, an fara ta a Jami'ar East Anglia da ke Norwich, shekara biyu kacal bayan CHI na Boston. Kafin kwana na biyu ya ƙare kin san fuskar kusan kowa.

Fosta na kai, a kan wata 'yar manhajar rubuta bashi da na gwada da masu shaguna 20 a Zariya. Na auna ta da SUS, tambayoyin nan goma na John Brooke na auna sauƙin amfani da manhaja, na fassara su da Hausa da kaina. Makin da na samu duk ya taru a wajen 50, alhali matsakaicin da aka saba kwatantawa da shi 68 ne. Sai na rubuta baro-baro a fostar cewa manhajar tana da wuyar amfani. Lokacin shan shayi wani dattijo ya tsaya da kofinsa a hannu, ya daɗe yana kallon jadawalin, sannan ya ce ko ina da ainihin amsoshin. Na buɗe masa kwamfuta. Ko minti biyu bai yi ba ya yi murmushi.

Ga abin da ya nuna min. Tambayoyin SUS a jere suke, ta ɗaya yabo, ta biyu suka, ta uku yabo, haka har goma. Duk wanda ya ba da amsa iri ɗaya daga sama har ƙasa, ko wace ce, lissafin 50 cif zai ba shi. Mutanena kuwa fiye da rabinsu "na yarda ƙwarai" suka ce a komai. Manhajar na da sauƙi? Na yarda ƙwarai. Tana da rikitarwa? Na yarda ƙwarai. Baƙo ne ya zo da abinsa, ya gaishe su, ya sa musu kati a waya, wa zai kunyata shi? Ashe kara da kawaici na auna, ba manhaja ba. Mutumin nan ya ja kujera muka yi rabin awa, ya ce in koma in ba su aiki su yi ina kallo ina ƙirga inda suka maƙale, kuma in sa wani ya yi musu tambayoyin, ya ce manhajar ta wasu ce can. Babi guda na kundina daga wannan zaman ya fito. Sai da yamma na ga sunansa a jikin shirin taron, na gane na sha ambaton aikinsa a rubutuna. Kunya kamar in nutse.

Tsohon Lakcara:

Labarin Ɗan Birni ya yi daɗi, amma bari in zuba ɗan ruwan sanyi. 'Yata, idan koyarwa za ki dawo yi a gida, ki sani kwamitin ƙarin girma mujalla yake ƙirgawa. Mu a fanninmu taro ne gaba da mujalla, amma je ki bayyana wa farfesan kimiyyar ƙasa da ke shugabantar zaman. Na taɓa kai maƙalar da aka tace a taron da ke karɓar kusan ɗaya cikin huɗu, aka ba ta makin da ake ba wanda ya karanta takarda a taron sashe. To balle taron ƙasa da ba su taɓa jin sunansa ba.

Sannan abu mafi muhimmanci: cikakkiyar maƙala in ta fito a kundin taro, ta fito ke nan, ba za ki sake ɗaukarta ki kai CHI ba. Ki je, amma kada ki yanka babban ragon a can. Ki kai fosta, ko ki nemi shiga zaman da ake ware wa ɗaliban digiri na uku, inda manya ke zama su saurari aikin da bai ƙare ba. Hirarrakin matan nan 14 ki adana su.

Abu Yasir:

Malam ya faɗi gaskiya a kan ragon. Ni a Indiya na yi karatu, na je taronsu, India HCI, a Hyderabad a 2019. Abin da ya kama ni shi ne ban sha wahalar bayyana matsalata ba. A wasu wurare sai ka ƙone minti biyar na farko kana gamsar da mutane cewa akwai mai waya da bai iya karatu ba, akwai gidan da mutum huɗu ke amfani da waya ɗaya. A can kana faɗa ana gyaɗa kai, don direban da ya kawo su wurin taron ma haka yake.

Kuma sun daɗe a kan abin. Indrani Medhi ta yi shekaru a Bangalore tana aikin manhajar da babu rubutu a cikinta, sai hoto da murya, kuma aikinta ya nuna jerin zaɓi mai reshe a cikin reshe yana ɗaure wa wanda bai yi makaranta ba kai. Ƙanwar Kowa, USSD ɗinki ke nan: danna 1, sannan 3, sannan 2. Akwai Avaaj Otalo a Gujarat, inda manomi ke buga waya ya bar tambaya da muryarsa, ya saurari amsar wasu. Akwai allon rubutu na Swarachakra da su Anirudha Joshi suka yi a IIT Bombay, ka taɓa baƙi sai wasula su zagaye shi kamar ƙafar keke ka zaɓa. Da na gan shi sai na tuna yadda mu har yau muke rubuta kasa muna nufin ƙasa, don ƙugiya ta ɓuya a ƙarƙashin dogon dannawa.

Ɗan Birni, abin da ya same ka ma an auna shi a can. Nicola Dell da abokan aikinta sun yi gwaji a Bangalore, wanda suka wallafa a 2012, suka samu mutane sun fi zaɓar abin da suke zaton mai tambayar ne ya yi da kusan ninki biyu da rabi, in kuwa baƙon ƙasar waje ne mai tafinta, abin ya kai ninki biyar. Ba mu kaɗai ke da kara ba.

Ba malaman jami'a kaɗai ne a taron ba, masu zanen manhaja na kamfanoni suna da yawa, har nan na samu wurin horon wata uku. Abinci kuwa, Hyderabad garin biryani ne da masallatai, ban yi rama ba.

Na Maraɗi:

Sannunku da hira. Ni na Faransa na sani, IHM, wanda AFIHM, ƙungiyar masu wannan fanni da Faransanci, ke shiryawa. Na je na Grenoble a Disamban 2019, daidai lokacin babban yajin aikin fansho, jiragen ƙasa sun tsaya, da bas munka tafi munka kwana a hanya.

Nasu ba iyakar ƙasa yake bi ba, harshe yake bi, shi ya sa anka yi shi a Fribourg ta Suwizalan a 2016 da Namur ta Beljiyam a 2022. Ana iya rubutawa da gabatarwa da Faransanci. Kada ku raina wannan. Na ga malamai waɗanda in suna Ingilishi a babban taro kamar an ɗaure musu harshe, amma a nan sunka yi gardama mai zafi har ana dariya, ɗalibi ya ce wa babba bai yarda ba. Ni ma na fi sakewa. Sai dai da dare ina kwance na tuna Faransancin ma ba nawa ba ne. Matar da ta ce mani "wayar nan ta fi ni baki" na juya maganarta zuwa Faransanci don taron, zan kuma juya ta zuwa Ingilishi don mujalla. Me zai rage?

Su kuma ƙarfinsu a dabarun sarrafa na'ura yake, dokar Fitts, saurin kai yatsa kan maɓalli, lissafin daƙiƙa. Da na gama magana a kan hirarrakina, tambaya ta farko ita ce mutum nawa, kuma ina lissafin. Na ji zafi a lokacin, amma ta tilasta mani koyon kare hanyar bincikena. Ƙanwa, ki shirya wa wannan tambayar, 14 ɗinki za a taɓa ta.

Maman Biyu:

Nawa gajere ne. Na je da goyo, kuma ƙaramin taro ne kaɗai zai yiwu da haka, don ɗakunan kusa suke, masu shiryawa suka ba ni wani ofis na shayarwa da salla. Ki rubuta musu tun da wuri, kada ki jira ranar. Liyafar dare akwai giya a tebur, na sha lemona, na tashi da wuri, ba wanda ya kalle ni. Amma kada ki ƙi zuwa gaba ɗaya, a nan na haɗu da matar da daga baya ta zama mai jarraba kundina daga waje.

Batun kuɗi, ki tambayi sashenku tukuna. SIGCHI, ƙungiyar da ke shirya CHI, ma na da tallafin tafiya mai sunan Gary Marsden, malamin Cape Town da ya rasu a 2013, sai dai ki duba ko taron da za ki je yana cikin waɗanda yake ɗauka. Kuma ki sa ido a kan AfriCHI, taron HCI na Afirka. An yi a Nairobi a 2016, Windhoek a 2018, East London ta Afirka ta Kudu a 2023. Ban samu zuwa ba, tikitin ya fi ƙarfina.

Abu Yasir:

Malam Tsohon Lakcara, ku manya me ya hana mu yin irin wannan a gida? Wani bincike da aka gabatar a CHI a 2021 ya nuna kashi 73 cikin 100 na sakamakon binciken taron daga mutanen ƙasashen Yamma aka samo shi, su da ba su kai kashi 12 na mutanen duniya ba. Brazil ma da ɗan ƙaramin zama suka fara nasu a Maringá a 1998, kuma suna karɓar maƙala da Fotugis.

Tsohon Lakcara:

Ɗana, na taɓa gwadawa. Na kai takarda a kan wahalar da tsofaffi ke sha a gaban na'urar cire kuɗi zuwa wani babban taron masana kwamfuta a gida. Aka sa ni a zaman ƙarshe na ranar ƙarshe, tsakanin mai maganar tsaron intanet da mai maganar kebul. Mutum bakwai a ɗakin, uku jiran satifiket suke. Tambaya ɗaya aka yi min: ina manhajar da na gina? Su a wurinsu kallon mutane da yi musu tambaya ba kimiyyar kwamfuta ba ce. Muna nan, amma a warwatse, wani a sashen kwamfuta, wani a laburare, wani a aikin jarida, ba mu san juna ba. In ku matasa za ku haɗa ko zaman yini ɗaya ne, ɗaki da majigi a wuyana. Janareto kuwa sai dai a yi karo-karo.

Ƙanwar Kowa:

Allah ya saka muku da alheri, na gode ƙwarai. Na yi magana da malamina yau, zan nemi zaman ɗaliban digiri na uku, ragon kuma na ɗaure shi kamar yadda Baba ya ce. Yaya Ɗan Birni, ka tsorata ni, don ni ma na yi niyyar amfani da SUS a zagaye na biyu. Don Allah turo min fassararka in gani. Musamman tambaya ta takwas, na kwana uku ina neman kalmarta ta "cumbersome" da Hausa.

Ɗan Birni:

Zan turo, amma ta takwas ɗin kada ki kwafa. "Mai wuyar sha'ani" na sa. Da na karanta wa wata hajiya mai shagon kayan miya, "na ga abin nan yana da wuyar sha'ani," sai ta kwashe da dariya ta ce ai wannan Alhaji ne ba waya ba. Ki nemo wata, in kin samu ni ma ina so.