Zaidu mutum ne, mutum nau'i ne: a ina ƙiyasin ya ɓaci?

Ɗalibin Manɗiƙi:
Assalamu alaikum malamai. Ga ƙiyasi, wato jumloli biyu da ake fitar da ta uku daga cikinsu: "Zaidu mutum ne, mutum nau'i ne, saboda haka Zaidu nau'i ne." Muƙaddimomin biyu, wato jumloli biyun farko, gaskiya ne, tsarin kuma na shakali na farko ne ("A B ne, B C ne, saboda haka A C ne"), amma natija, wato jumlar ƙarshe, ta fito ƙarya. Ina ɓarakar take?

Malam Na-Zaure:
Wa alaikumus salam. Tana cikin kubra, wato muƙaddima ta biyu: "mutum nau'i ne". Shakali na farko sharuɗɗansa biyu ne: sugra, wato muƙaddima ta farko, ta zama mai tabbatarwa ba mai korewa ba, kubra kuma ta zama kulliyya, wato mai karɓar "kowane". To gwada taka, ka sa mata "kowane" a gaba. "Kowane mutum nau'i ne" ƙarya ce. "Wani mutum nau'i ne" ita ma ƙarya ce. Jumlar da ta ƙi karɓar duka biyun ita Alkatibi, malamin ƙarni na 13, ya kira ɗabi'iyya a cikin littafinsa na manɗiƙi, Shamsiyya: hukuncinta ya hau kan ma'anar "mutum" ita kanta, bai sauka kan ɗaiɗaikun mutane ba. A sugra kuwa "mutum" mahmuli ne, wato siffar da aka ɗora wa Zaidu. Ka ga haddi na tsakiya, wato "mutum" da ya haɗa muƙaddimomin biyu, bai maimaitu ta fuska ɗaya ba, gadar ta karye. Kada ka haɗa ta da muhmala irin "mutum yana cikin asara", wadda ba a faɗi adadinta ba amma tana karɓar "wani". Nan ɗalibai suka fi zamewa, don a baki kamarsu ɗaya.

Hajiya Malama:
Allah ya ƙara sani, Malam. Tushen abin yana wajen Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. "Mutum" da "dabba" ma'anoni ne na farko, daga halittu hankali ya ɗebo su. "Nau'i" da "jinsi" (rukunin da ya tara nau'o'i da yawa) na biyu ne: siffofi ne da ke samun waɗancan ma'anonin bayan sun shiga hankali. Zaidu yana waje, shi ya sa siffar ba ta isa gare shi.

Abu Safiyya:
Malaman Turai masu rubutu da Latin sun warware ta da tambayar me kalma ke wakilta a cikin jumla. William na Ockham, Ba'ingile, a littafinsa na manɗiƙi na wajen 1323, ya raba wakilcin gida uku. "Mutum yana gudu": tana wakiltar mutane na zahiri. "Mutum gaɓa biyu ne": tana wakiltar lafazin kansa. "Mutum nau'i ne": a wurinsa tana wakiltar ma'anar da ke cikin zuciya kawai, alhali Peter na Sifen kafinsa ya ce ɗabi'ar da mutane suka yi tarayya a cikinta take wakilta. Saɓanin babba ne, don a kansa aka yi rigimar ko gamammun ma'anoni suna da samuwa a waje. Kan ƙiyasinka dai bakinsu ɗaya: ka shiga da wakilci iri guda, ka fita da wani.