Sujadarmu tana kai awa huɗu, me za a rage?

Mai tambaya, ƙasar Zuru:
Salama a gare ku. Ina neman shawara kan sujadar Lahadi a ƙaramar ikilisiyar ƙauye, mutum kamar 80, yawanci manoma. Ana shiga ƙarfe 8, ba a tashi sai 12. Sanarwa da baiko (kyautar da ake bayarwa a sujada) da waƙoƙin ƙungiyoyi su cinye lokaci, kafin a zo wa'azi kowa ya gaji, yara na kuka. Me za a rage, me kuma ba a taɓawa?

Dattijon ikilisiya, Birnin Kebbi:
Ɗan'uwa, kafin a yanke komai a san amfanin kowane sashe. Yadda aka jera sujada, haka mutum zai koyi yin addu'a a ɗakinsa. Idan kullum ana farawa da yabo, a furta zunubi, a ji Magana, sannan a yi roƙo, shi ma haka zai saba. Idan da roƙo da maganar kuɗi ake buɗewa, abin da zai kai gida ke nan.

A buɗe da Zabura, kamar ta 95 ko ta 100, sai waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi wadda kowa ya iya. Furta zunubi ya biyo, kuma a bar shiru na minti ɗaya cikakke. Nan ake yawan kuskure: mai jagora yana tsoron shirun, sai ya cika shi da surutu, mutum bai samu ya tuna laifinsa ba. Karatu biyu, wa'azi minti 30, addu'ar roƙo, baiko, sai albarka daga Littafin Ƙidaya 6:24-26. Awa biyu ta isa.

Sanarwa a kai wa sakatare a rubuce tun Asabar, shi kaɗai ya karanta, minti 10, bayan baiko. Ƙungiyoyi kuma a yi musu karɓa-karɓa, biyu kowace Lahadi.

Uwa a Zumuntar Mata, Zuru:
Baba ya yi magana, amma a yi hattara da rage waƙar mata. Tsohuwar da ba ta karatu, ayar da ta riƙe a waƙa ta riƙe ta, da ita take daka, da ita take zuwa rafi. A rage yawa, kada a cire. Waƙa ɗaya, wadda ta dace da nassin ranar, don haka fasto ya ba shugabar waƙa nassin tun kafin ranar koyo.

Abin da ya fi ɓata sujada shi ne lasifika. Idan aka ƙure ta, jama'a su yi shiru su zama 'yan kallo. Tulu da ganga ba sa danne murya; idan ba ka jin muryar na kusa da kai, a sassauta. Sannan harshe: a karanta da Hausa, wani ya taƙaita da C'lela, harshen mutanen Zuru, a minti biyu. Bulus ya tambaya a 1 Korintiyawa 14:16 yadda mutum zai ce Amin ga abin da bai gane ba.

Katikis (mai koyar da addini a cocin Katolika), Yawuri:
Akwai abin da za ku iya ara a wurinmu ba tare da kun bar tsarinku ba. A Katolika karatun Lahadi yana zagayen shekara uku: Matiyu, Markus, Luka, Yohanna kuma ya fi fitowa lokacin Ista. Amfaninsa, mai wa'azi ba ya maƙalewa a ayoyin da ya fi so. Ku zaɓi Bishara ɗaya, ku bi ta daki-daki, ku rubuta nassin mako mai zuwa a allo don iyalai su karanta a addu'ar dare. Mai karatu ya gwada da ƙarfi sau biyu a gida, musamman sunaye masu wuya.

Jibin Ubangiji kuwa, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, a sanar da shi mako guda kafin ranar. A cikin makon dattawa su je wurin waɗanda ba sa ga maciji, ko kan iyakar gona ko kan bashi, su sasanta su, bisa Matiyu 5:23-24. Ranar Jibin a dakatar da waƙoƙin ƙungiyoyi, a shirya gurasa da ƙoƙuna a rufe da farin ƙyalle kafin mutane su shigo, a kuma ware wanda zai kai wa marasa lafiya da yamma.