"Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata": har gaban mara lafiya?

Ɗan Adar: Salamu alaikum. Jiya a huɗubar Juma'a nan Tawa liman ya jawo karin maganar nan, ya ce ƙarya ba ta da ƙarama. Muna dawowa rigima ta kaure gidan maƙwabtanmu. Ɗansu ya rasu wajen ci-rani a Libiya, yayyensa sun ɓoye wa tsohuwa saboda hawan jini, kullum ta tambaya sai a ce mata babu rezo. Autarsu ta ce wannan shi ne ɓatan, ita sai ta faɗa. Wa ke kan daidai?

Maman Rabi: Allah ya jiƙan shi. Autar ce ke da gaskiya. Uwa ce fa! An hana ta yi wa ɗanta addu'a, kuma ranar da za ta ji a bakin 'yan gaisuwa, abin zai fi muni.

Almajirin Malam: Yaya, a yi a hankali. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba yana cikin Muslim, an yi rangwame kan ƙarya a wuri uku: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Sayyadina Umar ma bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar fari ta 18 bayan hijira. Sai dai lalura gwargwadonta ake auna ta. Ɓoyewa har a kira likita daban, ɓoyewa wata da watanni daban.

Direban Konni: Malam, in ka buɗe ƙofar nan kowa zai shigo da tasa lalurar. Mai tauye tiya a kasuwa ma cewa yake iyali sun yi masa yawa.

Hajiya Ta Yantala: Ku bari in ba ku na kakata, Allah ya haskaka makwancinta. Yunwar 1984, zamanin Kunce, muna ƙauye wajen Illela. Rumbunta kaɗai ya rage da ɗan hatsi a unguwa. Wani dare samari suka kama maƙwabcinmu da damma biyu a kai, dattijo mai 'ya'ya bakwai. Da safe aka kai shi gaban mai gari, gari duk ya taru. Inna ta ɗaura gyale ta tafi, ta ce: "Ranka ya daɗe, ni na ce ya ɗiba da dare don kada a ga talaucinsa." Wallahi ba ta ce masa komai ba. Da ta dawo gida sai ta yi kwana uku tana azumi, ga yunwa, tana cewa ta yi wa Allah laifi. Kawuna ya ce to don mi kika yi? Ta ce gobe ma in an kama shi haka za ta faɗa. Har ta rasu ba ta yarda a kira abin nan gaskiya ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Jikokin mutumin har yau su ke fara zuwa mana gaisuwar Salla.

Maman Rabi: Allahu akbar. Amma ita ta san ƙarya ta yi, shi ya sa ta yi azumi.

Direban Konni: Da ana azumi uku kan kowace ƙarya, wasu masu zuwa mana da alkawarin rijiya lokacin zaɓe ba za su sake cin abincin rana ba har su mutu.

Ɗan Wadata: Hhhh! Su da suka raba shinkafar agaji tsakanin surukansu? Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Almajirin Malam: Ku bar siyasa don Allah, kar a rufe mana baki.

Ɗan Wadata: Ban kama suna ba, Malam. Hajiya, Illelar Tawa ko ta Sakkwato?

Hajiya Ta Yantala: Ta Tawa mana, ɗana.

Ɗan Adar: Jama'a kun bar ni a hanya. Yarinyar nan ta ce gobe da safe za ta shiga ɗakin tsohuwa. In hana ta, ko in nemo limamin unguwa ya raka ta?