Kunshi ya ci gwaji, me ake jira?

Nura: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Sabon kunshi, wato sabon zubin wata manhaja da nake aiki da ita a tsarin kwamfuta na Linux, ya daɗe a rukunin gwaji, ba wanda ya kawo ƙorafi, amma an ƙi shigar da shi cikin tabbatattu. In na'ura ta gwada kunshi ya ci, wa'adi kuma ya cika, a bar shi ya wuce mana. Jiran sa hannun mutum lalaci ne kawai.

Malam Bashir: Lalaci? Mutanen nan yawancinsu 'yan sa-kai ne, ba mai biyansu. A Gentoo, wani nau'in Linux, ƙa'ida ita ce kunshi ya yi kwana 30 ba matsala, sannan a gwada shi a kan kowane irin inji, amd64 daban, arm64 daban. Mutum ya taso aiki a gajiye ya kwana yana haɗa maka manhaja, kai ka kira shi malalaci?

Nura: Ban ce shi malalaci ne ba, Malam. Tsarin na ce.

Malam Bashir: Tsari ba ya lalaci. Mutum ke yi. Ka janye.

Zainab: Wane Linux ɗin ne ma, Nura?

Nura: Ba sai na faɗa ba.

Zainab: To a Linux ɗin Fedora dai masu amfani ne ke jefa ƙuri'a a shafin Bodhi. Wanda ya gwada ya ga lafiya ya ba da maki, maki ya kai uku kunshi ya wuce. Kai ka taɓa ba da ko ɗaya? In akwai lalaci, a wajenmu masu saukewa yake.

Auwal: Yaya Zainab, maki uku? Abokai uku su danna a ce an tabbatar? Debian, Linux ɗin da nake aiki da ita, ta fi hankali. Kunshi ya kwana biyar a Sid, rukunin da sabbin kaya ke fara sauka, a duba ko ya karya waɗanda suka dogara da shi, kafin ma ya shiga gwaji.

Zainab: Shi ya sa kuke shekara biyu da tsofaffin kaya.

Auwal: Tsofaffin nan su suka tsira a Maris 2024. Ɓarauniyar hanyar da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, zubi na 5.6.0, ta shiga Rawhide ɗinku, rukunin sabbin kayan Fedora, ba ta taɓa tabbataccen Debian ba.

Zainab: Ta shiga Sid da rukunin gwajinku ma, kar ka ɓoye. Kuma ba tsarinku ya gano ta ba. Wani injiniyan manhaja mai suna Andres Freund ne ya lura ssh, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi.

Malam Bashir: Yauwa! Mutum ya gano, ba na'ura ba. Irinsu ne Nura ke zagi.

Nura: Wa na zaga? Shawara na kawo, har yanzu ba wanda ya tanka mata.

Auwal: Yaya, "tsofaffin kaya" ɗin nan ma sai kin janye.

Zainab: Ba zan janye ba.

Auwal: To ni bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. Nura ya kira 'yan sa-kai malalata, an nuna masa kuskurensa. An kuma amince cewa haƙurin Debian ya fi gaggawar wasu, batun xz ya isa hujja.

Zainab: Wa ya amince? Kai da wa?