Ƙaura da yaro mai galahanga: abin da iyaye suka ce

Wata uwa mai yara biyu masu lalurar galahanga, wato otizim, ta nemi shawarar iyaye irinta: ta zauna Kano ko ta bi mijinta Abuja?

Mafi yawansu sun ce a fara neman makaranta da mai koyar da magana, kafin a nemi gida. Abuja ta fi Kano cibiyoyi masu zaman kansu da ke kula da irin waɗannan yara, amma haya da kuɗin makaranta na iya cinye albashi. Wasu suka tuna mata Asibitin Malam Aminu Kano, wasu kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar unguwa. Ki je da daddare, in ji su, ki saurari ƙarar janareto. Injin niƙa a bayan katanga ya isa ya hana yaro sukuni, ya wuni yana toshe kunne. A duba ƙyaure mai sakata a sama, rijiya a rufe, domin wasu yaran kan sulale waje ba a sani ba.

Ni dai maganar dangi ta fi kama ni. Kakar da ta san yaro ba ya cin tuwo sai a kwanonsa, da wuya a sami madadinta a sabon gari.