Wai Baltar ya tuba?

Sadiq Rikkos: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na gama kallon fim mai dogon zango Battlestar Galactica na 2004, har yanzu raina a ɓace yake. Gaius Baltar ne ya ba budurwarsa Six hanyar shiga na'urorin tsaro, Cylon (mutum-mutumin da ke yaƙar 'yan Adam) suka shafe duniyoyi 12, mutum kusan 50,000 kacal suka tsira. Ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a takardar kashe mutane a New Caprica, sabuwar duniyar da suka sauka, aka kai shi kotu aka sallame shi. A ƙarshe ga shi yana hawaye wai ya iya noma. Marubutan nan sun raina mana hankali. Duk bos ɗin da 'yan kallo suka so, sai a wanke shi a ce ya tuba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Sadiq, gyara kalmarka. Nadama daban, tuba daban. Tuba sai ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in haƙƙin wani ne ka mayar masa. Wa Baltar ya mayar wa haƙƙi?

Sadiq Rikkos: Malam ai abin da nake faɗa kenan.

Malam Nura: A'a, tuba ka rubuta. Ka koma ka duba.

Maman Hanif: Ni kuma ban yarda bos ba ne. Matsoraci ne mai son kansa, shi ke nan. Bai san Six ɗin Cylon ce ba. Takardar kuma da bindiga a kansa ya sa hannu, ƙanena ka faɗi wannan ma mana. Ba a tuba daga abin da aka tilasta ka.

Malam Nura: Hajiya, to yaudarar da ya yi ta yi bayan nan fa? Ya ɓoye laifinsa shekara da shekaru. Wa ya tilasta masa wannan?

Yaya Auwal, shugaban zaure: Kuna ɓata baki a kan Baltar. Mai son ganin tuba ya kalli Star Trek: Deep Space Nine. Damar ya harbe Ziyal 'yar maigidansa Dukat, babban bos ɗin fim ɗin, ya zama ɗan amshin shatan Dominion, daular da ke juya ƙasarsu, ya koma shan giya saboda abin yana cin sa. Da ya farka ya jagoranci tawaye, aka kashe masa mata da ɗa, shi ma ya mutu a kashin ƙarshe a 1999. Ya biya da jininsa. Shi kuwa Dukat marubutan ƙin wanke shi suka yi, duk da farin jininsa. Wannan shi ne rubutu.

Hafsat Bukuru: Haba Yaya Auwal! A zango na 6 nake. Ka tona min ƙarshe gaba ɗaya.

Yaya Auwal: Hafsat yi haƙuri, amma abin da aka gama tun 1999 ne fa.

Hafsat Bukuru: Ni yanzu nake kallo. Kai ka kafa dokar a yi gargaɗi kafin a faɗi ƙarshe, kai ka karya.

Maman Hanif: Mutuwa ba tuba ba ce Auwal. Don ƙasarsa ya yi tawaye. Nuna min inda ya nemi yafiya a kan Ziyal. Ku 'yan Star Trek komai naku fari ne.

Kabiru Dilimi: Ni kalmar ce ma ba na son ji. Tun 2016 ake kai tubabbun 'yan Boko Haram sansanin Malam Sidi a Gombe, a koya musu sana'a. Wanda aka kashe wa uba ba a nemi ra'ayinsa ba. Shagon babanmu ya ƙone a rikicin Jos na 2008, har ya rasu ba wanda ya zo ya ce masa sannu. Shi ya sa in na ga bos yana kuka a fim nake kashe talabijin. Kyamara kullum tana kan fuskar mai laifi, wanda aka zalunta ba a ma nuna kabarinsa.

Hafsat Bukuru: Allah ya jiƙan Baba. Amma Yaya Kabiru, hadisin mutumin da ya kashe 99 ya cika 100 fa? An karɓi tubarsa.

Malam Nura: Kada a jawo hadisi a kan mutumin da babu shi.

Maman Hanif: Malam kai ka fara kawo sharuɗɗan tuba.

Malam Nura: Ma'anar kalma na bayar, ba hujja na kafa ba.

Kabiru Dilimi: Allah yana yafe nasa. Nawa kuma sai na yafe.

Yaya Auwal: To ya isa, an fara shiga siyasa, kuma zauren kallo ne wannan. Ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda Baltar bai tuba ba, an kuma yarda Damar ne misali na gaskiya, don haka Star Trek ta fi iya wannan fanni. Kabiru muna taya ka jimami. An rufe.

Maman Hanif: Wane kowa? Ni ban yarda da ko ɗaya ba.

Sadiq Rikkos: Ni a kan marubuta na yi magana, me ya sa suke wanke duk bos ɗin da ya yi farin jini. Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.