Waɗanda zafin farko ya huce musu, me kuka tarar a gaba?

Mai Shadda, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taɓa juyowa ga Allah da gaske ne, ko ta karɓar wuridi, ko zama gaban malami, ko dawowa daga aikin Hajji. Da farko sallar dare ba ta nauyi, hawaye kuma yana kusa. Sai a kwana biyu abin ya lafa. Ni yanzu a nan nake. Ban bar komai ba, amma ɗanɗanon ya tafi. Ba fatawa nake nema ba, abin da ya same ku nake son ji.

Baba na Zangon Barebari:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tun ina saurayi na karɓi Tijjaniyya a hannun wani muƙaddami, wato mai izinin ba da wuridi, da ya yi karatu wajen almajiran Shehu Tijjani Usman. Lazimi dai ka san shi: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. A farko ko sallama aka yi mini ina jan carbi sai in ji an katse mini wani abu mai daɗi. Da daɗin ya ɗauke na tafi wajensa a rikice. Ya ce, "Ka fasa yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To tashi ka tafi kasuwa." Iyakar amsar ke nan, kuma har ga Allah ran nan na ji haushi.

Shekaru suka ja kafin yaron shagona ya ce mini, "Baba, ka san ka daina rantsuwa a ciniki?" Ni ban ma lura ba. Mu da a da ba ma sayar da yadi ɗaya sai mun ce wallahi ko kuɗin saye bai kai ba.

Maman Iklima, Dorayi:
Ni a jikin maigida na ga matakan nan, kuma akwai wanda maza ba sa faɗa. Da ya dawo daga Makka gidan nan sai da ya yi mana zafi. Ya kashe talabijin, ya hana yara dariya da ƙarfi, kowa ya zo gaisuwa sai ya sha wa'azi, har yayarsa da ta goya shi. Mutane suna cewa Alhaji ya shiryu, ni kuwa da nake ciki na san wuya muke sha.

Da abin ya sauka ya shiga damuwa, yana ganin ya koma baya. A lokacin ne ni na fara ganin Hajjin. Akwai rigimar gado tsakaninsa da ƙaninsa a kan wani kango a cikin gari, ko a jana'iza suka haɗu ba sa gaisawa. Wata Asabar ya sa hula, ya ɗauki takardun a leda, ya ce in ba shi turaren da ya ajiye na tsaraba. Ya dawo bayan Isha ba leda, ya zauna a tabarma ya ce a zubo masa tuwo. Bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Da Sallah sai ga matar ƙanin da yaranta sun zo yini.

Ɗalibi, Jami'ar Bayero:
Yaya Mai Shadda, ka riga ka sami abokin tafiya a cikin sahabbai. A Sahihu Muslim, Hanzala ya ce wa Sayyidina Abubakar yana tsoron ya yi munafunci, domin a gaban Manzon Allah (SAW) kamar yana ganin wuta da aljanna, in ya koma cikin iyali da dukiya sai ya manta da yawa. Da suka je wajen Manzon Allah (SAW) ya amsa masa cewa lokaci ne da lokaci. Ni bayan kowane i'itikafi sai na ji wannan faɗuwar a Shawwal. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai zargin kansa a Ƙiyama, da natsattse a Fajri. Amma ni ban ga ana hawa su kamar tsani ba, a yini ɗaya ina iya ratsa biyu.

Na Kabara:
Malam Ɗalibi, ka faɗi gaskiya, sai dai malaman tarbiyya ba su ce ba a zamewa ba, cewa suka yi a sami wanda ya san hanya. Mahaifina ya zauna gaban Shehu Nasiru Kabara har rasuwarsa a 1996, kuma a gidanmu maganin bushewar zuciya hidima ce. Da na kai kukana, ba a ƙara mini wuridi ba, an ɗora ni a kan cika butoci da gyara takalman baƙi lokacin Maukibi, taron shekara-shekara na Ƙadiriyya. Mai digiri yana jera silifas ɗin almajirai! Satin farko ina ta leƙen ko wani wanda ya san ni zai gan ni. Ranar da na daina leƙen ban san ta ba.

Direban Adaidaita:
Ku yi haƙuri in sa baki. Wani lokacin gajiya ce kawai. Ni daga Asuba ina hanyar Bata zuwa Kabuga har dare, na zaci imanina ne ya yi rauni. Da na fara kwanciya da wuri, na rage raka'o'in dare zuwa biyu da wutiri, hankalina ya dawo cikin sallar.

Mai Shadda:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Direba, maganarka ta shige ni, don tun da kaya suka fara shigowa ba na barci sosai. Hajiya Maman Iklima, don Allah ki tambayar mini Alhaji: shi kaɗai ya je wajen ƙanin nasa, ko ya tafi da wani babba? Akwai maƙwabcin shagona da muka daɗe ba ma magana a kan wani bashi.